Kofi Ko Ilimi: Me Ɗalibin Injiniya Ke Kwasowa Daga Filin Gasa?

Kafin a bar motar ɗalibai ta taka filin tsere a gasar Formula SAE, sai an ɗora ta a kan wani faifan ƙarfe, direba na zaune a ciki, a karkata faifan zuwa digiri 45 a duba ko mai ko ruwa zai zuba, a ƙara karkata shi zuwa digiri 60 a ga ko za ta kife. Daga nan a ɗaure direba da bel, hannuwansa a kan sitiyari, a ce ya fice cikin daƙiƙa 5. Sai gwajin birki: a zabura da gudu a taka, dole tayoyi huɗun su ƙame lokaci guda. Motar da ta kasa ɗaya daga cikin waɗannan ba ta tsere sai an gyara, ko da an shekara ana ƙera ta, ko da daga wata nahiya aka yi jigilarta. Wannan tsanani shi ne abin da magoya bayan irin waɗannan gasanni ke alfahari da shi, suna cewa a nan ɗalibi ke fara haɗuwa da alƙalin da ba a roƙo. Masu suka kuwa, kuma akwai malamai masu hankali a cikinsu, cewa suke yi an mayar da karatun injiniya wasan 'yan gata, inda jami'a mai kuɗi ke sayen kofi, ɗalibi kuma ya bar aji ya tare a gareji. Nawa ra'ayin shi ne gasa na da amfani ƙwarai, amma amfaninta na rataye da abu guda, wato takardar rabon maki. Abin da aka ware wa maki shi ɗalibai za su koya, abin da aka bari kuma za su yi watsi da shi komai muhimmancinsa.

Sai an san gurbin da gasannin suka zo cikewa kafin a yi musu adalci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jami'o'in Amurka sun lura cewa masana kimiyyar fiziya ne suka ja ragamar manyan ƙere-ƙeren yaƙin, irin su na'urar hangen jirage da makamin nukiliya, injiniyoyi suka zama 'yan rakiya. Rahoton Grinter na 1955 ya ba da shawarar a ƙarfafa lissafi da kimiyya a manhajar injiniya, aka kuwa yi hakan, har aikin hannu da zane suka yi ta ja da baya. An samu riba, domin injiniyan da bai san lissafi ba hatsari ne ga jama'a. Amma bayan 'yan shekaru masana'antu suka fara ƙorafin ana turo musu matasa masu iya warware lissafi a takarda, waɗanda ba su taɓa ƙera ko da kujera ba, ba su kuma iya yi wa abokin aiki bayani. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1990 hukumar tantance kwasa-kwasan injiniya ta Amurka, ABET, ta sa iya aiki cikin tawaga da iya bayani cikin abubuwan da dole ɗalibi ya fita da su. Gasannin sun riga hukumar gane matsalar. Baja SAE ta fara a 1976, Formula SAE a 1981 a Jami'ar Texas da ke Austin, Ingila ta ɗauka a 1998 da sunan Formula Student, Jamus ta bi sahu a 2006 a filin tseren Hockenheim.

Hujja mafi ƙarfi a hannun masu goyon baya ita ce jarrabawar aji tana da amsa guda wadda malami ya riga ya sani, aikin injiniya na gaske kuwa ciniki ne tsakanin buƙatun da ba sa jituwa. Ka ƙara kaurin ƙarfe mota ta yi nauyi, ka rage shi ya karye. Dokar Formula SAE ta taƙaita girman inji a siisii 710, ta kuma tilasta duk iskar da injin fetur zai shaƙa ta bi ta wata 'yar kafa mai faɗin milimita 20. Ma'ana, an shaƙe wa kowa wuya daidai wa daida, saboda haka ba wanda zai ci gasa da ƙaton inji, sai da dabarar rage nauyi da daidaita tayoyi da sanyaya inji. Dokar ta kuma hana malamai da ƙwararrun injiniyoyi yi wa ɗalibai zane, shawara kawai aka yarda su bayar. Ɗalibin da ya lissafa kaurin sandar taya da kansa, ya ga ta tsinke a kwana ta uku, ya koyi abin da ake nufi da gajiyar ƙarfe ta hanyar da babu allon da zai koya masa. A jarrabawa, wanda ya yi rabin lissafi daidai yana samun rabin maki. A tseren juriya na kilomita 22, inda ake canza direba a tsakiya, a kashe inji a sake tayar da shi da zafinsa, motar da ta ƙi tashi ta yi asarar kusan duk makin wannan zagaye, kuma ba shekarar da ba a ganin motoci masu kyan gani sun mace a nan.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wanda a ganina ya fi tseren kansa daraja. Daga cikin maki 1,000 na Formula SAE, 325 ana rabon su ne mota na tsaye, inji a kashe. Maki 150 na kare zane ne, inda ɗalibai ke tsayawa gaban injiniyoyin masana'antu su amsa tambayar da ta fi kowace wuya: me ya sa kuka yi haka, ba ku yi haka ba? Maki 100 na lissafin kuɗin ƙira ne, inda ake bin kowane noti da kowane layin walda a faɗi abin da zai ci. Sauran 75 na gabatar da tsarin kasuwanci ne, kamar ana neman jari wurin masu kuɗi. Haka abin yake a gasar kwalekwalen kankare ta ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka, wadda ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1988. Jin sunan kawai kan sa mutum dariya, to amma kwalekwalen na yawo a kan ruwa da mutane a ciki, kuma tseren wani yanki ne kawai na makin. Sauran na rahoton da aka rubuta ne, da bayanin baka, da ingancin abin da aka ƙera. Tawagar da ta iya tuƙi amma ta kasa bayyana yadda ta haɗa simintinta ba ta kai labari.

To ga masu suka, kuma maganarsu ta farko kuɗi ce. A watan Satumba na 2023 ɗaliban jami'ar ETH Zurich da na Lucerne a Suwizalan suka kafa tarihi da wata motar lantarki da ta tashi daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa 0.956, a tazarar da ba ta kai mita 13 ba. Abin jinjina ne, kuma ɗalibai ne suka yi aikin. Sai dai a bayansu akwai ɗakunan gwaji na jami'a mai arziki, da kamfanonin da ke ba su kayan aiki da injinan yankan ƙarfe, da tsofaffin 'yan tawaga da ke aiki a masana'antu suna dawowa da shawara. Tawagar da ke fafutukar kuɗin biza da na kwantena ba tseren ɗaya take yi da su ba, ko da an jera su a layi guda. Za a ce ai akwai makin lissafin kuɗi, wanda ke hukunta mota mai tsada. Amsar ba ta gamsar ba. Ana yin wannan lissafi ne da jadawalin farashi na bai ɗaya da masu gasa suka tsara, ba da ainihin abin da tawaga ta kashe ba, kuma ba ya ƙirga kuɗin gwaje-gwaje, ko sassa goma da aka lalata kafin a dace da na sha ɗaya. Wanda ke da halin yin kuskure sau goma ya riga ya yi wa mai damar gwaji ɗaya nisa. A nan masu suka sun yi gaskiya, kuma duk wanda ya kalli jerin zakarun manyan gasannin Turai zai ga sunayen jami'o'in Jamus da Suwizalan da Holan suna ta maimaituwa.

Suka ta biyu ta fi ta farko zurfi. Gasa kan koya wa ɗalibi bautar doka, ya ƙware wajen gano kafar da dokar ta bari, ko da abin da zai ƙera ba shi da amfani ga kowa a wajen fili. Gasar Shell Eco-marathon, wadda asalinta caca ce tsakanin ma'aikatan binciken kamfanin a jihar Illinois a 1939 kan wanda zai fi nisa da galan guda, ta fito da alƙaluma masu ban mamaki. A 2005 motar PAC-Car II ta ETH Zurich, mai aiki da iskar haidurojin, ta yi abin da ya yi daidai da kilomita 5,385 da litar fetur ɗaya, wato Kano zuwa Legas sau biyar da 'yan kai. Amma motar tayoyi uku gare ta, direba kwance yake a ciki kamar gawa a makara, kuma gudun da ake nema a irin wannan gasa bai wuce na mai keke mai ƙwazo ba. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta hawa tudu, ba ta jure rami. Haka gasar Hyperloop da kamfanin SpaceX ya shirya daga 2015 zuwa 2019: ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Munich sun kai gudun kilomita 463 a sa'a a cikin bututu, amma har yau ba bututun da ke jigilar fasinja, kamfanin Hyperloop One ma ya rufe a ƙarshen 2023. Mai suka na da damar tambaya, shin ɗaruruwan matasa masu basira ba su ƙarar da shekarunsu wajen tallata mafarkin wani attajiri ba? Ko gasar motoci masu amfani da hasken rana ta Ostareliya, mai nisan kusan kilomita 3,000 daga Darwin zuwa Adelaide tun 1987, ba ta tsira ba. Tsofaffin 'yan tawagar jami'ar Eindhoven ta Holan a wannan gasa sun kafa kamfanin Lightyear a 2016 don sayar da irin wannan mota, aka sa wa ta farko farashin Yuro 250,000, aka dakatar da ƙera ta a farkon 2023 bayan 'yan makonni da farawa.

Wannan suka tana da nauyi, amma ta yi kuskuren auna gasa da motar da ta fito daga cikinta. Abin da jami'a ke fitarwa mutum ne. Ɗalibin da ya yi shekara biyu yana farautar kowane giram na nauyi da kowane ɗigon gogayya a jikin waccan mota mai kama da makara ya san inda makamashi ke zurarewa, kuma wannan sani zai bi shi ko injin ban ruwa ya koma ƙerawa. Faɗuwar Lightyear ma darasi ce da ke goyon bayan maganata ta farko: gasar hasken rana ta ba da lada mai yawa ga ƙarancin cin wuta, ba ta tilasta wa kowa tunanin wa zai saya da nawa ba, sai kasuwa ta yi musu jarrabawar da alƙalai ba su yi ba. Game da bautar doka kuwa, ai aikin injiniya gaba ɗayansa cikin doka ake yin sa. Mai gina gada na da ƙa'idojin gini da kasafin kuɗi da wa'adi, kuma bai zaɓi ko ɗaya ba. Inda sukar ta ci shi ne inda dokar ta yi nesa da kowace buƙata ta ɗan Adam, kuma maganin wannan gyaran doka ne. Shell ta ƙara rukunin motoci masu tayoyi huɗu da fitilu da wurin kaya, masu kama da na titi. Baja SAE ta daɗe da magance rabin matsalar kuɗi ta hanya mai sauƙi: kowace tawaga inji iri ɗaya take amfani da shi, shekaru da dama na kamfanin Briggs & Stratton mai ƙarfin doki 10, ba a yarda a taɓa cikinsa ba, sannan a saki motocin cikin laka da duwatsu na tsawon sa'a 4. A irin wannan fili mai waldar kirki kan kayar da mai kuɗi.

Kanada ta bi wata hanyar da ta fi kowace rage tasirin aljihu. A gasar injiniya ta ƙasar, wadda ɗalibai da kansu ke gudanarwa tun 1985, ba a zuwa da abin da aka ƙera daga gida a wasu rukunonin zane. A ranar ake bayyana matsalar, a ba kowace tawaga kaya iri ɗaya da 'yan sa'o'i, ta ƙera, ta gwada, ta kare aikinta. Akwai rukunin ba da shawara kamar na kamfani ga mai kwangila, akwai na muhawara, akwai kuma wanda aikinsa kawai a ɗauki batu mai sarƙaƙiya a bayyana shi yadda wanda ba injiniya ba zai fahimta. Ba a rasa masu raina wannan ba, suna cewa gada ta katako da gam da aka haɗa cikin sa'a shida wasan yara ce, ba ta koyar da haƙurin aikin shekara guda. Gaskiya ne ba ta koyar da shi. Abin da take aunawa daban ne, wato yadda mutum ke tunani idan lokaci ya ƙure kuma kaya sun yi kaɗan, kuma tana auna shi ba tare da tambayar wa ya ɗauki nauyinka ba.

Rukunin bayani shi ya fi shan zargi daga injiniyoyi na gargajiya, masu ganin cewa lada ce ake bai wa daɗin baki. Tsoronsu ba na banza ba ne, don kowa ya san mai zaƙin harshe da kyawawan hotuna kan rufe raunin aikinsa, mai zurfin ilimi kuma ya yi ta in'ina. A gasar ƙasa da ƙasa ma akwai ƙarin rashin adalci, tunda wanda Turanci ne harshen gidansu ya fara da rata. Duk da haka, a tuna daren 27 ga Janairun 1986. Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun san cewa zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar kumbon Challenger na ƙagewa idan sanyi ya yi yawa, suka ba da shawarar kada a harba. Manajoji suka juya shawarar. Washegari kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashi, mutum bakwai suka mutu. An daɗe ana jayayya kan ko jadawalan da injiniyoyin suka gabatar a daren sun fito da alaƙar sanyi da lalacewar zoben a fili, kuma zalunci ne a ɗora musu laifin shugabannin da suka riga suka ƙudurta. Abin da ba a jayayya a kai shi ne sanin gaskiya bai wadatar ba a wannan dare, sai da ikon sa wani ya gan ta cikin 'yan mintoci. Maganin daɗin baki kuwa sananne ne: a sa alƙalai masu sanin aiki, a ba tambaya da amsa lokaci fiye da jawabin da aka haddace. Minti biyar na tambayar ƙwararre kan tone wanda ya ari bakin wani.

Saura ƙorafin malamai cewa gasa na cinye karatu, kuma 'yan ƙalilan take amfana. Na farkon yakan faru, ɗalibi ya kwana a gareji ya faɗi jarrabawar lissafin da motar tasa ke tsaye a kai. Na biyun ya fi damuna. Tawaga ba ta wuce 'yan gommai a tsangaya mai ɗalibai dubbai, kuma sau da yawa waɗanda ke shiga su ne masu sarari, waɗanda ba sa neman kuɗin makaranta da yamma, ba su da nauyin gida. Idan jami'a ta rataya hoton motar a ƙofar shiga ta ce ga shaidar ingancin koyarwarta, ta yaudari kanta, ta kuma yaudari iyaye. Darasin da Woodie Flowers ya shahara da shi a jami'ar MIT ya nuna mafita tun shekarun 1970: kowane ɗalibin ajin ana ba shi kwalin kaya iri ɗaya, ya ƙera na'urarsa, a yi gasa a ƙarshen zango. Gasar ta shigo cikin manhaja, ta daina zama kulob na zaɓaɓɓu.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da na Legas da na Benin, sun ƙera motoci don Shell Eco-marathon, ta Zariya ita ce aka sani da ABUCAR. Sun cancanci yabo, domin tsayawa gaban masu binciken Turai da motar da aka haɗa cikin ƙarancin kaya da ɗaukewar wuta ba ƙaramin aiki ba ne. Amma yadda ake ɗaukar irin wannan labari a wurinmu na nuna mun fi son hoto da kanun jarida. A ce ɗalibai sun ƙera mota, a yi biki, manya su yi alkawari, shekara ta zagayo ba a ji inda rahoton zanen ya shiga ba, 'yan baya su sake farawa daga tushe. Ƙarfin tawagogin Jamus bai tsaya ga kuɗi ba, har da cewa kuskuren bara na rubuce, ɗan aji ɗaya na karanta shi. Tun 1973 muke da shirin SIWES na tura ɗalibai masana'antu, amma masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da ya kamata su karɓe su da yawa sun rufe, ɗalibi ya ƙare da zaman ofis yana cike littafin rahoto. A 2023 kuma hukumar COREN mai kula da aikin injiniya a Najeriya ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washington, wadda ke auna kwas da abin da ɗalibi ya iya yi bayan ya gama. Dole a samo inda za a gwada wannan iyawa.

Kuɗin kai mota ɗaya Turai zai isa a shirya gasa tsakanin jami'o'i da kwalejojin fasaha na jihohi da dama, irin ta Kanada da Baja a haɗe, a kan matsalolin da ke bakin ƙofarmu: famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, na'urar busar da tumatir don asarar da ake tafkawa a Kadawa lokacin kaka, injin sussukar gero da mace ɗaya za ta iya turawa. Kowace tawaga a ba ta farantin hasken rana da inji iri ɗaya, a ƙayyade abin da za ta kashe da rasiɗin kasuwa na gaske. A ware maki mafi tsoka ga juriya, injin ya yi yini yana aiki cikin ƙura da zafin watan Afrilu. A ware wasu ga gyara: a kwance wani sashe a miƙa wa makanikin gari, a duba agogo a ga ko zai mayar da shi da kayan da ke shagonsa. Rahoton zane ya zama sharaɗin shiga, a kuma ajiye shi inda tawagar baɗi za ta same shi. Bayanin baka a yi shi sau biyu, ɗaya da Turanci gaban injiniyoyi masu tambaya, ɗaya da Hausa gaban manoman da za su sayi injin, kuma makin manoman ya shiga lissafi daidai da na injiniyoyin.